Bumper Balls na Mario Party: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Bugawa a Zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, in aka ce gem, wasan ƙwallon ƙafa a PlayStation ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Sai dai akwai gidaje da bes-bes, wato majalisun samari, da na'urar gem ta Nintendo Switch ta shiga, galibi tsarabar wani yaya daga Turai ko Amurka, kuma duk inda ta shiga da Mario Party, ba a daɗewa ake fara musu a kan wani ɗan wasan ture-ture mai suna Bumper Balls. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ke ta dawowa. Da yawansu zargin maguɗi ne, kuma za ka ga rabin zargin yana mutuwa da zarar an gane yadda ƙwallon ke tara gudu.

1. Mene ne Bumper Balls, kuma a wane gem yake?

Ɗaya ne daga cikin ƙananan wasannin Mario Party, jerin gem na kamfanin Nintendo na Japan, wanda babban wasansa wasan allo ne irin na ludu: ana jefa ɗan ludu, a tara sulalla a sayi taurari, a riƙa buga ƙananan wasanni a tsakani. Mutum huɗu ne, kowa tsaye a kan babbar ƙwallo, a bisa wani fili mai da'ira wanda ba shi da katanga. Kana mirgina ƙwallonka da ƙafa, kana bangazar na wasu. Wanda ya faɗa waje ya fita, wanda ya rage shi kaɗai ya ci. Duk wanda ya yi langa yana yaro ya san yanayin: ba ka da cikakkiyar tsayuwa, kuma ture ɗaya daga inda ba ka zata ba ya ishe ka.

Ya fara fitowa a Mario Party na farko, wanda kamfanin Hudson Soft ya haɗa wa na'urar Nintendo 64, ya fita a Japan a Disambar 1998, a Amurka kuma a Fabrairun 1999. Ya dawo a Mario Party 2, sannan a Mario Party: The Top 100 na 2017 a na'urar 3DS, sai kuma Mario Party Superstars da ya fito a Switch ranar 29 ga Oktoba, 2021. Wannan na ƙarshen shi ne wanda za ka fi samu a hannun mutane yanzu, kuma a kansa yawancin amsoshin nan suka tsaya.

2. PlayStation gare ni, ko kuma waya kawai. Zan iya bugawa?

A'a. Mario Party na Nintendo ne, ba ya fita a PlayStation ko Xbox ko waya. In wani a kasuwa ya ce zai zuba maka shi a PlayStation, ka riƙe kuɗinka.

Amma in ture-turen ne ya ba ka sha'awa, akwai 'yan'uwansa. Tsohon gem ɗin Crash Bash na PlayStation ta farko, na shekarar 2000, yana da wasan da ake hawa dabba a kan ƙanƙara ana tunkuɗe juna. Fall Guys ya zama kyauta tun Yunin 2022, kuma Stumble Guys yana tafiya a waya.

3. Me muke buƙata mu huɗu mu buga a falo ɗaya?

Switch ɗaya, kwafin gem ɗaya, talabijin, da pad huɗu. Joy-Con, wato ƙananan pad biyun da suka zo maƙale da na'urar, in aka zare su aka riƙe kowanne a kwance, sun zama pad biyu ke nan, saura biyu. In mutanen ba su kai huɗu ba, kwamfuta ce ke cike gurbin, kuma kai ne za ka zaɓi ƙarfinta daga matakai huɗu: Easy, Normal, Hard da Master.

Abin da ke kama mutane a wajen saye, ko a shagunan Adum ko a hannun wani, shi ne kamannin suna. Super Mario Party na 2018 daban yake da Mario Party Superstars na 2021. Na 2018 ba ya karɓar komai sai Joy-Con, kuma ba a cikinsa wannan wasa yake ba. Superstars kuwa da maɓallai ake buga dukkan ƙananan wasanninsa 100, don haka Pro Controller, wato babban pad na Switch, shi ma yana aiki. Ka karanta kwalin da kyau, ka sa a gwada katin gem ɗin a gabanka kafin ka tura kuɗi ta MoMo. Kati daga kusan kowace ƙasa yana aiki a Switch ɗinka, domin ba a kulle na'urar da yanki ba. Sannan ka sani Switch Lite ba ta haɗuwa da talabijin ko kaɗan. Mutum huɗu su taru a kan wannan ɗan allon, wahala ce kawai.

4. Wane maɓalli ake dannawa a yi turi?

Babu. Sandar analog kaɗai ke aiki. Ba tsalle, ba naushi, ba wani ɓoyayyen maɓalli da ƙanenka ya sani ya ƙi faɗa maka. Ƙarfin turi daga gudu yake fitowa, kamar yadda amsa ta 5 ta yi bayani.

5. Ni na kai hari, amma ni na faɗa. Me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da in ka gane amsarta, ka gane wasan. Ƙwallon ba ta tashi da gudu nan take, a hankali take tarawa, kuma ba ta tsayawa nan take in ka saki sanda. Saboda haka ƙarfin bugunka ya dogara ne da nisan da ka taho kafin ku haɗu. Wanda ya manne da abokin karawarsa yana ta danna sanda har yatsa ya yi zafi, ba abin da yake yi sai goga ƙwallo da ƙwallo. Wanda ya ja baya taku kaɗan ya dawo a guje, shi ne ke aika mutum waje. Sabon shiga yana ganin ja da baya tsoro ne. A wannan wasa ja da baya shi ne ɗaukar makami, ko kamar yadda aka saba cewa, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Amma gudun da ke ba ka ƙarfi shi ne kuma ke kashe ka. In ka taho a guje kan wanda ke bakin fili, ya goce kaɗan, ba ka da birki, sai dai ka wuce ka faɗa da kanka. Yawancin faɗuwar da ake yi a daƙiƙun farko irin wannan ce, ba wanda ya ture kowa. Ko da kun haɗu ɗin, karo yana mayar da kai baya kai ma, don haka kafin ka kai hari ka duba abin da ke bayanka. In bayanka tsakiyar fili ce, ka je. In bayanka baki ne, karon da ka nema zai iya zama naka na ƙarshe.

Lokacin da ya fi dacewa a bugi mutum shi ne bayan ya gama karo da wani, ƙwallonsa na zamewa wajen baki, bai riga ya dawo da ita hannunsa ba. A nan ko ɗan taɓi ya isa. Shi ya sa waɗanda suka iya ba su cika fara rigima ba. Sukan zagaya, su bar masu zafin kai biyu su yi karo, su kuma su ƙarasa wanda ya fi jigata. Gaba da gaba tsakanin mutum biyu masu gudu ɗaya ba ya haifar da komai sai kowa ya koma inda ya fito. Ka nemi gefe ko baya.

6. Akwai wanda kullum sai ya kafe a tsakiya ya ƙi motsi. Wannan ba maguɗi ba ne?

Ba maguɗi ba ne. Tsakiya ce wuri mafi nisa daga kowane baki, kuma duk mai hankali can zai nufa. Abin da ke ba mutane haushi shi ne in an rage mutum biyu da suka san wasan: kowa ya ƙi ba da baya, ana ta ƙananan karo a tsakiya har agogo ya cika. A asalin wasan daƙiƙa 60 ne, kuma a sigogin Nintendo 64, in lokaci ya ƙare da fiye da mutum ɗaya a tsaye, canjaras ne, ba a ba kowa ko sulai ɗaya. Wasan ya yi suna da wannan canjaras ɗin tun wancan zamani, ba a Kumasi aka fara ƙorafin ba.

Mai zaman tsakiya yana da rauni ɗaya: ba shi da gudu. Ka ja can kusa da baki ba tare da ka kai bakin ba, ka taho masa a guje, ka gusar da shi. Kada ka tsaya kallon sakamako, ka sake ja ka sake dawowa kafin ya koma mazauninsa. Bugu biyu zuwa uku a jere daga ɓangare ɗaya ne ke fitar da irinsa, ba ɗaya ba. Hatsarin dai shi ne ya goce maka a na ƙarshe, ka duba amsa ta 5.

A ganina, in gasa kuke yi a bes, ku yanke hukuncin canjaras tun kafin a ɗauki pad: ko a sake bugawa tsakanin waɗanda suka rage, ko a raba maki. Dokar da aka kafa bayan an ga wanda za ta amfana ba ta taɓa zama lafiya.

7. Me ya sa filin ke canzawa?

A Mario Party na farko fili ɗaya ne, tsibiri a tsakiyar teku. Mario Party 2 ne ya kawo uku: ɗaya shimfiɗaɗɗe a bisa narkakken dutse mai wuta, ɗaya a ƙololuwar dutse mai ƙanƙara, ɗaya kuma tsibiri mai gargada. Shimfiɗaɗɗen shi ne na gwada gwaninta tsantsa, kuma a nan aka fi yin canjaras. A kan ƙanƙara santsi yana ninka duk abin da aka faɗa a amsa ta 5: tsayawa ta fi wuya, don haka rabin gudun da ka saba ya ishe ka. A mai gargada kuwa ƙwallo na iya kauce wa layin da ka ɗauko, sai harin nesa ya zama caca, na kusa ya fi tabbas.

8. Donkey Kong ya fi sauran nauyi, ko ba haka ba?

Ido ne kawai ke faɗa maka haka. 'Yan wasa goma ne a Superstars: Mario, Luigi, Peach, Daisy, Wario, Waluigi, Yoshi, Rosalina, Donkey Kong da Birdo, kuma gem ɗin bai ware wa kowa ƙarin ƙarfi ko gudu ba. Ruɗanin ya samo asali ne daga wasu gem ɗin: a Mario Kart nauyi yana da tasiri, a Super Mario Party na 2018 kuma kowane ɗan wasa yana da ɗan ludunsa na musamman. A nan babu wannan. In Hajiya ƙarama ta ɗauki Peach ta watsa ku waje ku uku, hannunta ne.

Amfanin zaɓe ɗaya ne: ka ɗauki wanda idonka ke saurin ganewa. Mario da Wario da Luigi a cikin cunkoso, a ƙaramin talabijin, mutum kan bi ɗan wasan wani da ido yana tuƙa nasa zuwa rami.

9. Yayyena biyu suna haɗa baki su fitar da ni da farko. Ya zan yi?

Gem ɗin bai hana ba, kuma in kai ne ke gaba da taurari a babban wasa, ka sa ran haka, siyasar Mario Party ke nan. Abin da za ka iya shi ne kada ka tsaya a tsakaninsu. Ka riƙa zagayawa yadda ɗaya zai kasance a bayan ɗaya, domin duk wanda ya taho maka a guje sai ya bi ta kan abokinsa. Masu haɗa baki sukan fitar da juna fiye da yadda suke zato. In kuma abin ya zama kullum kai ne, ba don kana gaba ba, to maganar ta bar gem, sai a kai ta gaban Yaya babba.

10. Da gaske ne an taɓa cin wasan ba tare da an taɓa pad ba?

Da gaske ne, amma da kwamfuta. A 2009 wani bidiyo ya bazu a YouTube inda aka ajiye Luigi a Mario Party 2 ba ya motsi, 'yan wasan kwamfuta da aka sa a mataki mafi sauƙi suka riƙa hallaka kansu a ƙananan wasanni daban-daban, har da wannan, Luigi ya ci yana tsaye. Ya zama abin barkwanci a duniyar gem har yau. Darasin ga mai koyo shi ne cin kwamfutar Easy ba shaida ba ce ta iyawa. Ka ɗaga ta zuwa Hard ko Master a sashen Mt. Minigames, inda ake zaɓar ƙaramin wasa kai tsaye ba sai an bi ta wasan allo ba.

11. Ƙwallona tana tafiya da kanta ko ban taɓa sanda ba. An yi mini wani abu ne?

Ba wanda ya yi maka komai. Matsala ce sananniya ta sandar Joy-Con: in cikinta ya goge ko ƙura ta shiga, sai ta riƙa aika motsin da ba ka yi ba. A wasan da sanda ce komai, wannan kaɗai ya isa ya kayar da kai. Ka shiga System Settings, ka je Controllers and Sensors, ka zaɓi Calibrate Control Sticks. In ɗigon da ke allon ba ya zama a tsakiya bayan ka saki sanda, ka gano mai laifi. Wani lokaci saitawar tana gyarawa, in ta ƙi sai an canza sandar, kuma masu gyaran waya da suka saba da ƙananan sukurori suna iya wannan aiki. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada a bar pad a fili yana shan ƙura, a sa shi a jaka ko aljihun tebur.

In kuma ba tafiya take da kanta ba, jinkiri kake ji tsakanin hannunka da allo, ka duba saitin hoton talabijin ka kunna Game Mode in yana da shi. Adalci kuma shi ne a riƙa juya pad: Joy-Con a kwance sandarsa ƙarama ce, wanda ke riƙe da Pro Controller ya fi shi jin daɗin juyawa. Mai gida ya riƙe babban pad daga farko har ƙarshe, shi ne abin da ya fi kusa da maguɗi a duk wannan shafin.

12. Shi ne wasan da aka ce ya sale wa yara tafin hannu a Amurka?

Ba shi ba ne, maƙwabtansa ne a Mario Party na farko. Wasanni irin su Tug o' War da Paddle Battle da Pedal Power suna buƙatar a juya sanda da sauri, sai yara suka koma murza ta da tafin hannu, suka riƙa samun bororo da ƙuna. A shekarar 2000, bayan ofishin babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya shiga maganar, Nintendo ya amince ya raba safar hannu ga gidajen da suka sayi gem ɗin. Da Tug o' War ya dawo a Superstars, sai aka sa gargaɗi a allo cewa kada a juya sanda da tafin hannu. Ku bi gargaɗin, ko don sandar, ga amsa ta 11.

13. Me cin Bumper Balls ke ƙara mini a babban wasa?

A wasan allo, bayan kowa ya jefa ɗan ludu ya yi tafiyarsa, sai a buga ƙaramin wasa ɗaya. Wanda ya zo na ɗaya a irin wannan na mutum huɗu yana samun sulalla 10, tauraro kuma 20 ake sayensa, wato ci biyu kuɗin tauraro ɗaya ne. Daga cikin taurarin kyauta da ake iya rabawa a ƙarshe akwai na wanda ya fi tara sulalla a ƙananan wasanni. Duk da haka, a allo irin Horror Land ko Space Land, gwani na iya cin kowane ƙaramin wasa a sace masa tauraro a zagayen ƙarshe. An gina gem ɗin ne da gangan yadda wanda bai iya ba zai samu rabo.

14. Baba ya ce caca ce saboda ɗan ludun da ke ciki. Me za mu ce masa?

Da farko dai, ba a yi wa Baba gardama a tsaye. A zauna a nuna masa. Sulallan cikin gem ba kuɗi ba ne, ba a sayensu da sidi, kuɗin Ghana, ba a kuma mayar da su sidi. Bumper Balls kansa babu ɗan ludu a cikinsa, kuma kamar yadda aka ce a amsa ta 10, ana iya buga shi a Mt. Minigames ba tare da an taɓa allo ba. Game da wasan allon, malamai suna da magana a kan wasa da ɗan ludu, kuma wannan hurumin malamin gidanku ne, a tambaye shi.

Inda Baba yake da gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne ranar da aka ce kowa ya ajiye sidi biyar, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce ko da wane irin wasa aka yi ta. Haka kuma in an kira salla, maɓallin Home yana nan, kuma Superstars yana adana wasan allo zagaye bayan zagaye, ba abin da zai ɓace kafin a dawo daga masallaci.

15. Yaro ɗan shekara biyar zai iya shiga?

Zai iya, ƙila ma shi ne mafi sauƙin shiga a cikin ɗarin, tunda sanda ɗaya ce kuma ba sai ya karanta Turanci ba. Hukumar tantance gem ta Amurka ta ba Superstars alamar E, wato na kowa. Kafin kowane ƙaramin wasa akwai allon gwaji, a bar shi ya yi ta mirginawa a nan har ya gane ƙwallon ba ta da birki. Abu ɗaya za a koya masa: ya nufi tsakiya. In wasan allo ne, ana iya ba shi taurarin somin-taɓi tun a saiti don kada a bar shi a baya. Sai dai wanda ya faɗa da wuri zaman kallo yake yi har a gama, kuma a nan kuka ke farawa. In haka ta faru, a sauya zuwa wasan da kowa ke kaiwa ƙarshe, irin Face Lift.

16. Za mu iya bugawa da ɗan'uwanmu da ke Jamus ko unguwar Nima a Accra? In dumso, wato ɗaukewar wuta, ya zo fa?

Za ku iya, in kowane ɓangare yana da na'urarsa da kwafinsa da rajistar Nintendo Switch Online, wadda ake biya. Matsalar ba yawan data ba ce, tsayuwar layin ce. Wasan da gocewar ƙiftawar ido ke raba ci da faɗuwa ba ya jure intanet mai yankewa, kuma in layin mutum ɗaya ya yi rauni, kowa zai ji wasan na sarƙewa. In da waya kuke ba na'urar intanet, a ajiye ta kusa, a hana sauran 'yan gida kallon bidiyo a kanta har a gama. Masu son ganin asalin wasan kuma, Mario Party da Mario Party 2 sun shiga babban matakin rajistar, mai suna Expansion Pack, a Nuwambar 2022.

Dumso kuwa bai cika cutar da Switch ba, domin batirinta a jikinta yake. Wuta na ɗaukewa talabijin ya mutu, amma wasan na nan, sai a zaro na'urar daga mazauninta a kafa ta a tebur a ci gaba. Batirin ƙirar farko ta 2017 yana kai awa biyu da rabi zuwa shida da rabi, na wadda aka gyara a 2019 kuma awa huɗu da rabi zuwa tara. Cajarta tana karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, don haka wadda aka aiko daga Amurka ba ta buƙatar taransifoma a wutar Ghana mai 230, adafta mai baki uku kawai za ka saya. In wuta ta ɗauke, a zare cajar daga bango har sai ta dawo ta daidaita.